Saukar Littafin Bafaranshe a Zauren Baba

Shekarun baya, zamanin da ɗalibi ke kai rubutunsa wurin mai tafireta ya zauna yana gadi kada a tsallake masa layi, na taɓa faɗuwa jarrabawar Faransanci, irin faɗuwar da har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai. Ina yawan ganin tambayarku kan yadda aka yi na iya karanta harshen. Wasu ma sun ɗauka don ni 'yar Maigatari ce, wai mu mutanen bakin iyaka da shi aka yaye mu. To ba haka ba ne, bari ku ji.

Lokacin ina digiri na biyu a fannin tarihi. Abin da na zaɓa in bincika shi ne rayuwar garuruwanmu, daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar har Gumel, a shekarun farko na mulkin Turawa, sa'ad da aka ja layi aka ce nan na Ingilishi ne, can na Faransa. Malamin da ke duba aikina ya ce batun ya yi kyau, amma rabin labarin yana cikin rubuce-rubucen Faransawa, don haka sai na ci jarrabawar karanta harshensu kafin a bar ni in ci gaba. Ba magana ake nema ba. Shafi za a ba ka, a ba ka ƙamus, ka fitar da ma'ana. Sau biyu ake ba mutum dama, in ya faɗi duka sai ya haƙura da batun ya nemi wani. Ni kuwa ba ni da wani. Saboda wannan batun na koma makaranta.

Na shiga ajin ina ɗaga kafaɗa. Ai na taso ina jin Damagarawa a kasuwar Alhamis, na san lakwal makaranta ce, mushe malami ne, jandarma ɗan sanda, duwan kuma kwastan. Har ina gaya wa ƙawata kada ta damu, in abu ya shige mata duhu ta zo wurina. Mako bai zagayo ba ido ya raina fata. Harshe ne da ake tara haruffa kamar an gayyaci 'yan biki, in an zo furtawa a sallami rabinsu ba su ci komai ba. Na cika bangon ɗakina da kalmomi, na ari littafi nan na ari can, in wannan ya yi tauri in ajiye in ɗauki wancan. Ranar jarrabawa na bi kalmomin shafin ɗaya bayan ɗaya a ƙamus, na jera su yadda suka zo, na miƙa. Da sakamako ya fito malamar Faransancin ta kira ni ofishinta, ta ɗora takardata a tebur, ta tambaye ni cikin ladabi ko ni kaina na gane abin da na rubuta. Na duba, na ce a'a. Ta ce to ita ma haka. Ƙawar tawa kuwa ta ci.

Haka na tattaro na dawo gida hutun damina jiki a sanyaye, da sauran dama guda a hannuna da wani tsohon littafi da malamina ya sa aka ɗaukar mini hotonsa. Wani hafsan Faransa ne ya rubuta shi, labarin rangadin da ya yi a ƙauyukan tsallaken iyaka a waɗancan shekarun. Na fara kai wa yayana, direban babbar mota da ke shiga Damagaram kullum, wanda in yana ba da labarin yadda yake zuba wa jandarmomi Faransanci sai ka rantse a can aka haife shi. Ya karɓi shafin, ya nisanta shi, ya kusanto da shi, sannan ya mayar mini ya ce wannan ba irin nasu ba ne, nasu na kan hanya ne.

Mahaifina malamin zaure ne. Tun kafin a haife ni magidanta ke zuwa ɗaukar karatun fiƙihu da lugga a wurinsa. A lokacin idonsa ya fara rauni, amma bai dame shi ba, don littattafan suna kansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Akwai wani tsohon dutsen niƙa a kusurwar tsakar gidanmu, cikinsa ya lotsa har agwagi na shan ruwa a ciki. An daɗe da daina niƙa a kansa, mahaifiyata ta sha cewa a fitar da shi yana tare wuri, shi kuma ya ce na uwarsa ne, ba inda za shi. Mun san a dunƙule cewa kakanninmu daga tsallake suka zo da shi, amma ba mai ba da labari ba ne Baba, mu ma ba mu cika tambaya ba.

Wata safiya ina zaune a rumfa, takardu sun kewaye ni, ina ta gunaguni, sai ya tsaya a kaina da butarsa. Ya tambaye ni wane littafi nake karantawa. Na ce ba guda ba ne, ina ɗan taɓa nan in taɓa can. Ya tambaye ni wa nake biya wa. Na ce ba kowa.

Ya ce, "To ai ba karatu kike yi ba, Uwata. Kiwo kike yi."

Ya ce gobe da hantsi in same shi a zaure da littafi ɗaya, tunda ɗalibansa duk suna gona sai la'asar. Na yi dariya na ce Baba ai ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Ya ce ya sani. Ni zan ja baƙi, ni zan fassara, shi nasa kawai ya ji ko abin da ya fito magana ce. Mahaifiyata na jin mu daga madafa, ta ce yanzu Malam da furfurarsa zai shiga lakwal? Na ga gemunsa na motsi, yana danne dariya.

Ba zan ɓoye muku ba, don kada in saɓa masa na je. Amma da na isa ƙofar zauren sai na tsaya. Duk tsawon rayuwata iyakata bakin ƙofar nan, in miƙa ruwa ko kwanon fura in juya. Abin da na tsinta na karatunsa ta bayan bango na tsinta. Ya ji tsayuwata ya ce in shigo. Na zauna a tabarmar ɗalibai, shi yana kan buzunsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin mu fara: littafin Bafaranshen a bakin taga zai riƙa kwana, kada a haɗa masa shi da nasa.

Tsarin da ya bi da ni shi ne wanda yake bi da kowa. Daga bangon farko za a fara, ba tsallake. In ja gaɓa ɗaya da Faransanci, in faɗi ma'anarta da Hausa, in ya gamsu ya ce na'am, in wuce. In an kai ƙarshen jimla in haɗa ta gaba ɗaya kamar ina gaya wa mutum. Ba ƙari sai na biya na jiya ba tare da na leƙa ƙamus ba. Na yi masa ƙorafin cewa ban iya furta kalmomin daidai ba, ya ce wanda ya rubuta ya daɗe da mutuwa, ba zai yi mini dariya ba, in karanta yadda bakina ya ba ni. Haka na riƙa karanta Faransanci da harshen Maigatari, har da 'yar waƙar nan ta masu jan baƙi, wadda ban san ta zauna mini a kai ba.

Kalmar da na fi ji a daminar nan ita ce "koma". Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Rana ta farko na fassara masa cewa sun tashi da asuba rijiyar tana biye da su. Ya ce rijiya ba ta bin mutum ko a ƙasar Faransa, in koma. Na koma, na yi gumi, ashe hanyar rijiyar suka bi. Wata rana layi uku kacal za mu yi har rana ta take. Raina ya sha ɓaci. Ina lissafin shafukan da suka rage da kwanakin hutu, shi ko a jikinsa. Na taɓa cewa Baba a bar wannan jimlar mu wuce, ba ta da muhimmanci. Ya tambaye ni ta yaya na san ba ta da muhimmanci alhali ban san me ta ce ba. Na koma kan jimlar.

Sai da gero ya kai gwiwa na lura wani abu ya canza. Na daina ganin kalmomi a warwatse, na fara jin mutum yana magana. Mutum ne mai ƙorafi, mai son kansa, mai lura da komai. Ba ya wuce rijiya bai faɗi zurfinta ba, ba ya wuce gari bai ƙirga rumbuna ba, kuma ba wanda yake yaba wa. Baba ya sa masa suna mutuminki. Da na zauna zai ce, "Jiya ina muka bar mutuminki?" Da yawa daga garuruwan ya san su, ya yi yawon karatu a cikinsu yana saurayi. In na karanto sunan gari a karkace yadda Bature ya rubuta, sai ya juya shi a bakinsa har ya gano, ya ce ai wuri kaza ne, akwai wata tsamiya a bakin kasuwarsu. Na ga yana jiran hantsi kamar yadda nake jira, ko ma fiye.

Al'adata ita ce in duba karatun gobe da yamma bayan la'asar. Wata yamma ina dubawa sai na ci karo da sunan garin kakana. Na gyara zama. Hafsan ya ce ya aika a gaya wa mutanen garin su ba da maza don aikin ɗaukar kaya, da ya iso bayan 'yan kwanaki sai ya tarar ba kowa. Sun ƙetara ɓangaren Ingilishi gaba ɗayansu. Ya ce sun ciccire ƙyauren ɗakuna, sun share rumbuna har irin shuka, ko dutsen niƙa ɗaya ba su bari ba. Daga nan ya buɗe baki. Ya kira su malalata, matsorata, marasa godiya, ya ce gudun aiki a jininsu yake, kuma ƙasa ba ta yi asarar komai ba da tafiyar irinsu.

Na ɗaga kai, ga dutsen can a kusurwa, agwagwa na tsaye a kansa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Amma abin da ya fi damuna shi ne gobe da bakina zan faɗa wa dattijon nan an kira ubansa malalaci, a zaurensa, yana kan buzunsa. Na yanke shawarar in sassauta. A ganina ladabi ne, kuma wa zai sani?

Da hantsi na biya na jiya, aka zo ƙari. Da na ambaci sunan garin sai ya ɗago. Na bi zancen ƙyaure da rumbuna da duwatsun niƙa, yana cewa na'am a hankali. Da na iso wurin na ja baƙin da sauri, na ce, wai mutane ne da ba su saba da irin wannan aikin ba.

Ya ce, "Koma."

Na koma, na maimaita abin da na faɗa, na ɗan ƙara masa gishiri. Ya juya carbinsa.

"Baƙin da kika ja ya fi fassarar tsawo, Uwata. Kuma akwai wata kalma a ciki da na taɓa ji. Ran da yake zancen masu jakunansa kin karanto ta, kika ce malalata. Tun farkon littafin nan mutuminki bai tausaya wa kowa ba. Yau ya koyi kunya?"

Na manta da wa nake zaune. Mutumin da ya yi shekaru yana kama ɗalibi in ya ci harafi ɗaya, kunnensa ba ruwansa da ko wane harshe ne. Na ce Baba maganar ba ta da daɗi. Ya ce bai tambaye ni daɗinta ba. Na sunkuyar da kai na karanta masa tiryan-tiryan, gaɓa bayan gaɓa, malalata, matsorata, marasa godiya, har zuwa inda ya ce ƙasa ba ta yi asara ba. Kowace gaɓa sai da ya ce na'am, kamar yadda yake cewa a kan zurfin rijiya.

Da muka rufe littafin bai sallame ni ba. Ya ba ni labarin da bai taɓa ba mu ba. Ya ce an taɓa ɗibar maza a garin kafin wannan karon, ciki har da wan kakana, kuma ba duka suka dawo ba. Shi ya sa da saƙo ya sake zuwa dattawa suka ce a tashi. Jaki ɗaya kakana ke da shi, aka ɗora masa hatsi. Shi ya ɗauki ƙyaure. Kakata, tana amarya a lokacin, ta ce ba za ta bar dutsenta ba, don ƙasarmu yashi ce, dutse sai an kawo daga nesa, kuma ba ta san inda za su je ba balle ta san ko za ta sami abin niƙa. A ka ta ɗauko shi har wannan ɓangaren. Ya ce har ta rasu wuyanta bai daina ciwo ba in hadari ya haɗu.

Ya ce, "Kin ji shi da bakinsa ya ce ko dutse ba su bari ba. Malalaci ne zai ɗauki dutse ya yi tafiyar yini? Shi ya ba da shaida, shi ya yi zagi, bai lura shaidarsa ta ƙaryata zaginsa ba. In kika rage masa zagin, ni da me zan yarda ba ki ƙara masa dutsen ba? Ki bar mutum ya faɗi maganarsa duka, sannan ki amsa masa."

Na yi kuka a ranar, ba na jin kunyar faɗa. Ban san ko na kakata nake yi ba ko na kaina.

Mun kai ƙarshen littafin ana gab da yankan gero, hutu saura kaɗan. Da na karanta layin ƙarshe ya shafa addu'a, ya leƙa cikin gida ya ce wa mahaifiyata a jiƙa shinkafa, gobe akwai waina, an yi sauka. Ta riƙe haɓa. Ta ce Malam a bari mana yarinya ta ci jarrabawar tukuna, kada a yi sadaka a zo a ji kunya. Ya ce jarrabawa ta jami'a ce, sauka ta zaurensa ce, kuma bai taɓa sauke wa ɗalibi littafi an tashi baki a bushe ba.

Washegari aka fito da waina bayan azahar, ɗalibansa da maƙwabta suka taru, ni ina daga ciki ina jin su ta bayan bangon nan nawa na da. Wani tsohon abokinsa, ladanin masallacinmu, ya tambaya wane ne ya yi sauka, kuma wane littafi. Na kasa kunne, don na san yadda zancen zai yi a kunnen mutane. Baba bai yi wata kwana ba.

Ya ce, "Uwata ce. Littafin mutanen da suka taso ubana daga garinsu ta sauke. Ta karanta mini shi daga bango zuwa bango, na ji abin da suka ce."

Sai ladanin ya ce to Allah Ya sa albarka, a miƙo masa yaji.

Ranar jarrabawa aka ba mu wani shafi da ban taɓa gani ba, jimlolinsa dogaye kamar igiyar guga. Na bi shi gaɓa-gaɓa. Ashe ina yi ina gyaɗa kai ina cewa na'am ƙasa-ƙasa, har mai tsaron jarrabawar ya zo ya tsaya a kaina ya ga ko da wani nake magana. Da na gama na karanta abin da na rubuta, wata jimla a tsakiya ta yi santsi a baki amma ba ta zauna ba. Lokaci ya kusa ƙarewa, zuciyata ta ce in miƙa haka. Sai na ji kalmar nan a kunnena kamar yana zaune a gefena. Na koma. Ashe na juya maganar, na mai da wanda aka kora shi ne mai kora. Ina ɗiga aya ana cewa a ajiye alƙalami.

Na ci. Aka bar mini batuna, na yi binciken, kuma shafin nan na garin kakana yana cikin kundina, zagin da komai, ban rage ko kalma ba, da amsata a ƙarƙashinsa. Da na kawo wa Baba labari na zaci zai yi wata doguwar magana. Ya ce madalla. Sannan ya tambaye ni wane littafi za mu ɗauka.

Yau ni ke zaunar da ɗalibai ina sa su karanta tsofaffin takardu, kuma na san suna kwaikwayona a bayan idona, don wata ta taɓa suɓutar baki ta kira ni Malama Koma. Ban ji haushi ba. Abin da na koya a zauren nan ya wuce Faransanci. Na koyi cewa karanta maganar wani amana ce, ko da wanda ba ya ƙaunarka ne, kuma tausayin da zai sa ka gyara wa mutum abin da aka rubuta, raini ne a ɓoye. Ni na ɗauka Baba ba zai iya ɗauka ba, ɗan matar da ta ɗauko dutse a ka.

Dutsen yana gidana yanzu, mahaifiyata ta ce in zo in kwashe abina tun kafin ta yi tuntuɓe da shi. Littafi na biyun kuwa mun fara shi a damina ta gaba, muka ci kusan rabi, hutu ya ƙare, ya karyi tsinken tabarma ya ce in sa alama sai na dawo. Kafin wata daminar Allah Ya karɓi abinsa. Na karanta littattafan Faransanci da ban san adadinsu ba tun daga lokacin, wasu ma a zama ɗaya. Wannan kam tsinken yana nan inda muka tsaya. Na sha ɗauko shi in buɗe, in ja gaɓar farko, in faɗi ma'anarta, sai in tsinci kaina na yi shiru ina jiran na'am.